Paul Painlevé: firaministan Faransa da lissafinsa ya fi mulkinsa daɗewa

Sau biyu Paul Painlevé ya riƙe muƙamin firaministan Faransa, kuma ko sau ɗaya bai cika shekara a kan kujerar ba. A yau masana kimiyya sun fi ƴan siyasa ambaton sunansa.

An haife shi a birnin Paris ranar 5 ga Disamba 1863. Ya yi karatu a École Normale Supérieure, ya samu digirin dakta a 1887, ya koyar a Lille kafin ya dawo Paris. A wajajen 1900 ya duƙufa kan jumlolin lissafi masu bayyana yadda abu ke sauyawa. Yawancin irin waɗannan jumloli amsarsu takan rarrabu gida-gida ta rikice. Shi kuwa ya nemi waɗanda amsarsu ba ta yin haka. Da taimakon Bertrand Gambier aka tace su zuwa iri 50, kuma shida daga ciki suka ƙi warwaruwa da duk wata dabarar da aka sani. Su ne ake kira jumlolin Painlevé, ko da yake ta shidan Richard Fuchs ne ya gano ta a 1905.

A lokacin ba wanda ya san amfaninsu, shi ma hankalinsa ya koma wani wajen. A 1908 ya shiga jirgin sama tare da Wilbur Wright, a 1910 aka zaɓe shi ɗan majalisa. Yana ministan yaƙi a 1917 harin Janar Nivelle ya ci rayukan dubban sojoji, bore ya ɓarke a rundunar, ya maye gurbin Nivelle da Pétain. Gwamnatinsa ta farko wata biyu kacal ta yi. A ta biyu, a 1925, ya tura Pétain Maroko don murƙushe mayaƙan Abdelkrim a yankin Rif, abin da ya zama tabo a tarihinsa. Ya rasu ranar 29 ga Oktoba 1933, aka binne shi a Panthéon.

Sai bayan fiye da shekara 40 jumlolin suka farfaɗo. A ƙarshen shekarun 1970 aka lura suna fitowa daga lissafin igiyar ruwa mai tafiya ba ta wargaje ba, irin lissafin da ake iya warwarewa ƙaf. Daga nan suka ɓullo a nazarin matiris, wato jadawalin lambobi mai layuka a tsaye da a kwance, wanda ake cike shi da lambobin kan-mai-uwa-da-wabi. A 1990 ƙungiyoyi uku na masana, ciki har da Édouard Brézin da Vladimir Kazakov a Paris, suka nuna cewa idan matiris ya girma ba iyaka, jumla ta farko ce ke fitowa. Tracy da Widom suka samu ta biyu a 1994.

A 2012 Gamayun da Iorgov da Lisovyy suka rubuta amsar jumla ta shida dalla-dalla. Tubalan da suka gina ta da su sun dace da lissafin da Nikita Nekrasov ya fitar a 2002 don ƙa'idar gej mai sufasimetiri, wadda ke nazarin ƙarfin da ke tsakanin ƙananan ƙwayoyin halitta bisa hasashen cewa kowace ƙwaya tana da abokiyar tagwaitaka. Har yanzu ba a ga waɗannan tagwaye a ɗakin gwaji ba, amma amsar da aka samo wa jumlar Painlevé ta tabbata a lissafi.