Leo Fender: Mai Gyaran Rediyon Da Ya Ƙera Jitar Da Duniya Ke Kaɗawa

Duk wanda ya taɓa zuwa biki a Tawa ko Abalak, ko ya ji waƙoƙin Abzinawa na tashi daga rumfar masu tura waƙa a kasuwa, ya san amon jitar lantarki. Hatta a garuruwa irin su Bambeye, wannan kiɗa yana cikin wayoyin samari. A yau mun kawo muku tarihin mutumin da ya ƙera jitar da ta fi kowace shahara, alhali shi kansa bai iya kaɗa ta ba.

An haifi Clarence Leonidas Fender ranar 10 ga Agusta, 1909, a yankin Anaheim da ke jihar Kalifoniya ta Amurka. Iyayensa manoman lemo ne. Yana ɗan shekara 8 wani ƙari ya fito masa a idon hagu, aka cire idon aka sa masa na gilashi. Tun yana yaro hankalinsa ke kan rediyo, bayan da ya ga wadda kawunsa ya harhaɗa da tsofaffin kayayyaki. Sai dai da ya shiga kwaleji, aikin akanta ya karanta.

Ya kama aikin akanta a lokacin da tattalin arzikin Amurka ya karye, aka sallame shi daga aiki har sau biyu. A 1938 ya ranci dala 600, shi da matarsa Esther suka koma garin Fullerton, ya buɗe shagon gyaran rediyo. Kamar yadda Hausawa ke cewa, wani hanin ga Allah baiwa ne: rashin idon nan ya sa ba a ɗauke shi soja ba a Yaƙin Duniya na Biyu, don haka ya zauna a shagonsa yana ƙara ƙwarewa.

Makaɗa suka riƙa kawo masa amsa-kuwwa da jita domin gyara, kuma a nan ya gano matsaloli biyu. Na farko, jitar wancan zamani tana da rami a ciki kamar na gurmi, da an ƙara murya sai ta kama ƙara mai kashe kunne. Na biyu, da gam ake manne wuyanta, idan ya lanƙwashe ko ya karye sai gwanin kafinta, kuma kuɗin gyaran na iya fin ƙarfin mai ita.

Sai Fender ya yi tunani irin na mai gyara. Ya yanki katako mai kauri marar rami ya yi gangar jikin. Ya ɗaure wuyan da sukurori 4 kawai, yadda za a kwance shi a sa wani cikin ɗan lokaci. A ƙarƙashin tsirkiyoyin ƙarfe ya sa maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, wanda ke ɗaukar girgizar tsirkiya ya mai da ita lantarki zuwa amsa-kuwwa. Wannan jita ta shiga kasuwa a 1950 da sunan Broadcaster, amma kamfanin Gretsch ya yi ƙorafin cewa yana da ganguna masu irin sunan, sai aka mai da ita Telecaster a 1951. A 1954 ya fito da Stratocaster. Tun da bai iya kiɗa ba, makaɗan yake ba su su gwada, su faɗi inda take damunsu, shi kuma ya gyara.

A 1965 rashin lafiya ya matsa masa, ya sayar da kamfanin ga CBS a kan dala miliyan 13, da sharaɗin ba zai yi gogayya da su ba har shekara 10. Da ya samu sauƙi kuma wa'adin ya cika, ya koma sana'arsa a kamfanin Music Man, daga baya ya kafa G&L tare da tsohon abokin aikinsa George Fullerton. Bai daina zuwa wurin aiki ba duk da ciwon karkarwa da ya kama shi, har ya rasu ranar 21 ga Maris, 1991, yana da shekara 81.

Jitocin da ya ƙera kafin 1965 su ne masu tara kayan da suka fi nema a yau. Wanda ya samu tsohuwa yakan kwance ta gaba ɗaya, ya goge tsatsa, ya like wayoyin da suka tsinke da dalma, ya daidaita wuya, ya sa sababbin tsirkiyoyi. Amma masana na gargaɗi da kada a kankare tsohon fenti a shafa sabo, domin hakan na karya darajarta ƙwarai. Koɗewar da hannun makaɗi ya yi mata tana cikin abin da ake saye.

Mu ma a nan muna da rabo a wannan tarihi. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, da katako da wayoyin birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, daga baya ya zagaya Turai da Amurka yana kaɗa Stratocaster da hannun hagu.

'Yan kasuwa maza da mata, ga abin lura. Fender ya yi arziki ne saboda ya saurari kukan masu kawo masa gyara, ya kuma sayar musu da abin da idan ya lalace ba sai an jefar ba. Kafin mu saro rediyo ko keken ɗinki ko injin markaɗe, mu tambaya ko ana samun kayan gyaransa, ko akwai mai iya buɗe shi a garinmu. Mai saye ba ya manta wanda ya sayar masa da abin da ya mutu a wata guda. Tsohon abin da ke ajiye a ɗaki kuwa, a nuna wa wanda ya sani kafin a ba 'yan gwangwan.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.