Harold Stover Kulp (1894–1964): Bawan Allah da Bai Juya Baya Ba

Yawancin iyalan da ke sujada a majami'ar EYN ta unguwar Dala a Maiduguri ba 'yan asalin birnin ba ne. Aikin gwamnati ko kasuwanci ko karatu ne ya kawo iyayensu daga ƙasar Bura da Margi da Kibaku, suka zo da bangaskiyarsu kamar yadda matafiyi yakan zo da guzurinsa. In aka bi sawun wannan bangaskiya baya, za a isa Garkida, a tarar da wani mutum wanda sau da dama ya sami dalilin tattara kayansa ya koma gida, amma bai tafi ba.

An haifi Harold Stover Kulp a shekara ta 1894 kusa da garin Pottstown a jihar Pensilbaniya ta Amurka. Ya tashi cikin Ikkilisiyar 'Yan'uwa, wadda ta samo asali a 1708 a ƙauyen Schwarzenau na Jamus, inda mutum takwas, Alexander Mack yana cikinsu, suka karɓi baftisma a kogin Eder. Tun farkonta wannan ikkilisiya ta ɗauki bin Yesu a matsayin tafiyar jama'a, ba ta mutum ɗaya ba. Shi ya sa take riƙe da wankin ƙafa da cin abinci tare kafin Jibin Ubangiji, take kuma ƙin ɗaukar makami. A cikin wannan tarbiyya Kulp ya girma. Ya yi karatu a Kwalejin Juniata da Jami'ar Pensilbaniya, ya yi aikin fasto har a birnin Filadelfiya, ya auri Ruth Royer a 1921. Saurayi mai ilimi irin wannan yana da wurin zama mai daɗi a ƙasarsu, da ya so.

A ƙarshen 1922 shi da abokinsa Albert Helser suka sauka a Ikko, suka nufo arewa maso gabas, wani wuri a kan doki, wani wuri a ƙafa. Biu suka so zama, amma hukumar Turawan mulkin mallaka ta Lardin Borno, wadda hedikwatarta ke Maiduguri, ba ta yi na'am ba, domin manufar Ingila a lokacin ita ce a taƙaita aikin mishan a ƙasashen sarakuna. Sai suka gangara Garkida a bakin kogin Hawul. Ran 17 ga Maris 1923, a gindin wata tsamiya, suka yi sujadarsu ta fari tare da 'yan ma'aikatan da suka zo aikin ginin gida. Ba a daɗe ba sai umarni ya zo cewa su dakatar da aiki. Ba su yi fito-na-fito da hukuma ba, ba su kuma karaya ba. Suka kai kukansu gaba, har aka bar su su ci gaba.

Gwaji mafi zafi ya zo a 1924. Ruth, wadda ta iso Garkida watanni kaɗan kafin nan, ta rasu a lokacin haihuwa, jaririn ma bai rayu ba. A lokacin Kulp bai cika shekara 30 ba. Ya binne matarsa da ɗansa a ƙasar da har ranar ba a yi wa ko mutum ɗaya baftisma ba. Duk mai 'ya'ya zai iya auna nauyin wannan rana, da irin tambayoyin da za su taso wa mutum da dare. Babu wanda zai zarge shi da ya ce aikin ya fi ƙarfinsa. Da yawa sun bar majami'a a kan abin da bai kai wannan ba: wata magana da dattijo ya faɗa, ko zaɓen majalisa da bai yi musu daɗi ba. Kulp ya ci gaba da koyon harshen Bura, da koyar da yara karatu, da wanke wa marasa lafiya gyambo. Asibitin da aka gina a Garkida aka sa masa sunan Ruth.

Sai a 1927, bayan shekara huɗu ana shuka, aka yi wa mutum huɗu na fari baftisma. Mutum huɗu cikin shekara huɗu ba lissafin da zai burge kowane kwamiti ba ne, amma daga cikin irin waɗannan ne aka sami malamai da masu bishara na farko, waɗanda suka kai Maganar Allah ƙauyukan da Bature bai taɓa takawa ba.

A 1926 Kulp ya auri Christina Masterton, 'yar ƙasar Sikotlan, kuma kafin shekarun 1920 su ƙare suka buɗe sabon aiki a Lassa cikin Margi. Wannan na nufin sake zama ɗalibi, a koyi wani harshe daga tushe, a rubuta shi, a fara juya Littafi Mai Tsarki zuwa cikinsa. Duniya ta san sunan Lassa ne ta dalilin zazzaɓin da aka gano a 1969, bayan ya kashe wata ma'aikaciyar jinya ta asibitin mishan, Laura Wine. Mutanen yankin kuwa sun san garin tun kafin nan a matsayin wurin da aka fara karatu da magani. Aikin ya bazu zuwa Marama, ya kai Chibok a 1941, aka kuma buɗe mazaunin kutare kusa da Garkida a 1929.

A 1936 Helser ya bar mishan ɗin 'Yan'uwa ya koma SIM, inda ya yi hidima mai albarka har ya zama babban daraktanta. Ba laifi ba ne, kira ne dabam. Amma rabuwa da wanda aka sha wuyar farko tare ba ƙaramin abu ba ne, kuma Kulp ya zauna tare da jama'ar da ya fara da su. A 1952 Christina ma ta rasu. Karo na biyu ke nan da ya yi takaba, ya kuma ƙara fiye da shekara goma yana hidima.

Abin da ya fi nuna halinsa shi ne yadda ya yi da shekarunsa na ƙarshe. Bai riƙe ikkilisiyar kamar gonarsa ba. A 1955 aka naɗa fastoci 'yan ƙasa, a wannan shekara kuma ikkilisiyar, wadda ake kira Lardin Gabas, ta shiga tarayyar da a yau ake kira TEKAN. Kulp yana cikin masu goyon bayan haɗin kai da sauran ɗariku, irin wanda ya haifi kwalejin tauhidi ta TCNN a Bukuru a 1959. Ya gane cewa mai bi ba ya tsayawa shi kaɗai, haka ma ɗarika. Bayan kimanin shekara 40 a Nijeriya ya koma Amurka, ya rasu a watan Oktoba 1964 yana da shekara 70. Bai ga ranar da ikkilisiyar ta sami cikakken 'yancin kanta a 1972 ba, bai kuma ji sunan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ba.

Jikokin waɗanda ya koyar sun gamu da nasu gwajin. A tarzomar Fabrairu 2006 majami'ar EYN ta Dala tana cikin waɗanda aka lalata a Maiduguri, kuma a Yuli 2009 aka rushe babbar majami'ar EYN ta Wulari. Yawancin 'yan matan da aka sace a Chibok a Afrilu 2014 'ya'yan wannan ikkilisiya ne. A Oktoba na shekarar 'yan Boko Haram suka mamaye hedikwatar Kwarhi, inda makarantar Littafi Mai Tsarki da ke ɗauke da sunan Kulp take, malamai da ɗalibai suka watse cikin daji da 'ya'yansu. Garkida kanta an kai mata hari a Fabrairu 2020, aka ƙone majami'u. Masu bi da suka yi gudun hijira zuwa Maiduguri da Yola da Jos da Kamaru sun ci gaba da taruwa, wani lokaci a ƙarƙashin itace, kamar yadda aka fara. Daga baya ɗalibai suka koma Kwarhi, makarantar ta ci gaba da yaye fastoci, kuma a Maris 2023 aka taru daga gundumomi dabam-dabam aka yi bikin cika shekara 100 da sujadar gindin tsamiya.