Erik Barnouw: Masanin da ya bi sawun kuɗi a tarihin rediyo da talabijin na Amurka

Erik Barnouw, wanda ya rasu a ranar 19 ga Yuli, 2001, yana cikin masanan da suka mayar da tarihin rediyo da talabijin fannin ilimi mai zaman kansa. Ya shafe shekaru masu yawa yana koyarwa a Jami'ar Columbia da ke birnin New York, kuma littattafansa uku kan tarihin watsa shirye-shirye a Amurka har yau su ne madogarar masu nazari a wannan fage. Tambayar da ta ratsa ayyukansa ita ce wane ne yake biyan kuɗin shirin da jama'a ke saurara, kuma wane iko wannan biya yake ba shi a kan abin da za a faɗa da abin da za a ɓoye.

An haife shi a ranar 23 ga Yuni, 1908, a birnin Hague na ƙasar Holan. Mahaifinsa, Adriaan Barnouw, malami ne, kuma a shekarar 1919 ya ƙaura da iyalinsa zuwa Amurka, inda ya zama farfesa a Jami'ar Columbia. A can Erik ya girma, ya shiga Jami'ar Princeton, ya kammala a 1929, shekarar da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe.

Bai fara da aikin koyarwa ba. A farkon shekarun 1930 ya shiga aiki a kamfanonin talla, yana rubutawa da shirya shirye-shiryen rediyo. A wancan zamani kamfanonin talla ne suke shirya yawancin manyan shirye-shirye da kansu, tashoshi kuwa lokaci kawai suke sayar musu. Saboda haka Barnouw ya ga da idonsa yadda mai sabulu ko mai taba yake zaɓen marubuci da ɗan wasa, yake kuma soke duk wata magana da ka iya ɓata wa masu sayen kayansa rai. Daga baya ya yi aikin rubutu da gyaran rubutu a manyan kafafen CBS da NBC, kuma a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aiki a sashen ilimantarwa na rediyon sojojin Amurka. Tun a 1937 ya fara koyar da rubutun rediyo a Columbia, inda daga bisani ya zama cikakken malami, ya jagoranci kafa sashen nazarin fim, har ya yi ritaya a 1973. Ya kuma shugabanci ƙungiyar marubutan fim da talabijin ta Amurka daga 1957 zuwa 1959.

Wannan gogayya ta cikin gida ce ta bambanta tarihinsa da na wasu. Littafi na farko, A Tower in Babel, ya fito a 1966, ya ɗauko labarin daga gwaje-gwajen farko na aika saƙo ba tare da waya ba har zuwa 1933. Na biyu, The Golden Web, ya fito a 1968, ya ɗauki zamanin da rediyo ke tashe daga 1933 zuwa 1953. Na uku, The Image Empire, ya fito a 1970, ya bibiyi mamayar talabijin daga 1953. Madaba'ar Jami'ar Oxford ce ta buga su duka, kuma na ukun ya samu kyautar Bancroft a 1971, wadda take cikin manyan kyaututtukan da ake bai wa masana tarihi a Amurka. A 1975 ya taƙaita su cikin littafi guda mai suna Tube of Plenty domin ɗalibai da sauran masu karatu.

Darasin da ke cikin waɗannan littattafai shi ne tsarin rediyon Amurka zaɓi ne da mutane suka yi mataki bayan mataki, kuma a kowane mataki akwai wata hanya da aka bari. Tashar KDKA ta birnin Pittsburgh ta watsa sakamakon zaɓen shugaban ƙasa a watan Nuwamba na 1920, a lokacin da ba a riga an daidaita kan yadda rediyo zai ciyar da kansa ba. A 1922 tashar WEAF ta New York, mallakar kamfanin tarho na AT&T, ta fara sayar da lokaci ga masu talla. An kafa NBC a 1926, CBS ta biyo baya a 1927. A 1934, yayin da majalisar dokoki ke muhawara kan dokar sadarwa, wasu sanatoci biyu, Wagner da Hatfield, sun nemi a keɓe kashi ɗaya bisa huɗu na tashoshi ga makarantu da ƙungiyoyin addini da na ma'aikata, amma ƙudurin ya faɗi. Ingila kuwa ta bi wata hanya dabam, inda BBC ta dogara da kuɗin lasisi da masu rediyo ke biya. Wannan bambanci ya sa ake yawan karanta aikin Barnouw tare da na Asa Briggs, masanin da ya rubuta tarihin watsa shirye-shirye a Birtaniya.

Barnouw ya nuna abin da wannan dogaro da talla ya haifar a lokacin tsoro. A 1950 an buga wani ɗan littafi mai suna Red Channels, wanda ya jera sunayen mutum 151 daga ma'aikatan rediyo da talabijin, yana zarginsu da alaƙa da 'yan kwaminis. Kamfanonin da ke ɗaukar nauyin shirye-shirye sun ji tsoron a ƙaurace wa kayansu, sai aka daina bai wa da yawa daga cikin mutanen aiki ba tare da wata kotu ta same su da laifi ba. Haka kuma Edward R. Murrow, wanda ya ƙalubalanci Sanata Joseph McCarthy a shirinsa na CBS a watan Maris na 1954, ya rasa kamfanin da ke ɗaukar nauyin shirin a shekarar da ta biyo baya. Hausawa kan ce wanda ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, kuma wannan shi ne jigon littafinsa na 1978, The Sponsor, wanda ya keɓe shi ga ikon mai ɗaukar nauyin shiri.

Bai tsaya ga rubutu kaɗai ba. Bayan jefa bama-baman nukiliya a biranen Hiroshima da Nagasaki a 1945, masu ɗaukar hoto 'yan Japan sun ɗauki fim na kufai da na waɗanda suka ƙone. Hukumomin mamayar Amurka sun ƙwace fim ɗin, aka ɓoye shi sama da shekara ashirin. Da Barnouw ya samu labarinsa a ƙarshen shekarun 1960, sai ya nemo shi, shi da abokan aikinsa suka tace shi zuwa fim na minti 16 mai suna Hiroshima-Nagasaki, August 1945. Manyan kafafen kasuwanci ba su nuna shi ba, tashar ilimantarwa ta NET ce ta watsa shi a watan Agusta na 1970, shekara 25 bayan harin. Ta haka Amurkawa da yawa suka fara ganin abin da bam ɗin ya yi wa jikin ɗan Adam, kuma abin da ya sami fim ɗin ya ƙara tabbatar da hujjar da yake kafawa a littattafansa.

Bincikensa ya wuce iyakar Amurka. Bayan zama a Indiya a farkon shekarun 1960, ya wallafa Indian Film a 1963 tare da S. Krishnaswamy, wanda yake cikin ayyukan farko na ilimi a kan masana'antar fim ta ƙasar. A 1974 ya fitar da Documentary, tarihin fina-finan da ke ba da labarin gaskiya, wanda ya zama littafin karatu a jami'o'i da dama.

A 1978, yana da shekara 70, aka naɗa shi shugaban sabon sashen fina-finai da shirye-shiryen rediyo da talabijin da sautukan da aka naɗa a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, ya riƙe muƙamin har 1981. Aikin ya dace da shi, domin ya san wahalar da masanin tarihi ke sha wajen neman shirin da aka watsa kai tsaye ba a naɗa ba, ko wanda aka naɗa sannan aka goge tef ɗin aka ɗora wani a kai. Jarida takan zauna a kan kanta, amma shirin da aka watsa yakan bi iska idan ba a tanadi wanda zai adana shi ba. Bayan haka ya zama babban editan kundin ilimin sadarwa na duniya mai juzu'i huɗu, wanda ya fito a 1989, sannan ya rubuta tarihin rayuwarsa, Media Marathon, a 1996.

Ya rasu a garin Fair Haven na jihar Vermont yana da shekara 93. Tun yana raye, a 1983, ƙungiyar masana tarihin Amurka ta fara ba da kyauta da sunansa ga fim ko shirin da ya fi fice wajen bayyana tarihin ƙasar. Ga ɗalibin aikin jarida a yau, hanyar bincikensa tana nan da amfaninta: a duba wanda ya mallaki tasha, da wanda ya ba ta lasisi, da wanda yake biyan kuɗin shiri, sannan a nemi abin da bai samu fita ba.