Horatio Spafford, mutumin da ya rasa ɗiya huɗu a dare ɗaya

A wannan fitowa mun kawo muku labarin wani Kirista ɗan ƙasar Amurka mai suna Horatio Spafford. An haife shi a 1828. Lauya ne a birnin Shikago, mai dukiya da filaye, dattijo a ikilisiyarsu. A 1861 ya auri Anna, wadda aka haifa a ƙasar Norwe, Allah ya ba su ɗiya mata huɗu.

A 1871 babbar gobara ta cinye birnin Shikago, dukiyarsa mai yawa ta salwanta. Wannan ƙaramar hasara ce bisa ga abin da ke tafe.

Cikin watan Nuwamba 1873 ya shirya kai iyalinsa Turai su huta. Wata hidima ta tsare shi, sai ya sa su cikin jirgin ruwan Faransa mai suna Ville du Havre, da niyyar ya tarar da su daga baya. Ranar 22 ga wata, cikin dare, wani jirgi mai suna Loch Earn ya yi karo da nasu a tsakiyar Tekun Atlantika. Cikin minti 12 jirgin ya nutse, mutum 226 suka halaka. Yaran nan huɗu duka suna ciki, babbar tana da shekara 11, autar shekara 2. Uwar kaɗai aka tsamo, a sume. Da aka sauke ta a Kardif ta buga wa mijinta waya.

Spafford ya shiga jirgi ya bi ta, hanyarsu kuwa ta ratsa wajen da ruwa ya ci ɗiyansa. Cikin wannan baƙin ciki ne ya rubuta waƙar da ta sa har yau ba a manta da shi ba. A ganinmu ƙarfin waƙar shi ne bai ɓoye zafin ba. Ya kwatanta baƙin ciki da igiyar teku, sa'an nan ya shaida cewa ransa a kwance yake, domin Almasihu ya ɗauke zunubinsa, kuma yana sa ran ranar dawowarsa. Philip Bliss ya sa mata murya a 1876, Kirista na rera ta wajen jana'iza a ƙasashe da yawa.

Masu ba da labari sukan tsaya nan, amma jarrabawa ba ta ƙare ba. A 1880 ɗansa namiji, wanda aka haifa bayan hatsarin, ya rasu yana ƙarami. A 1881 shi da Anna suka yi ƙaura zuwa Birnin Ƙudus da ɗiyansu mata biyu, Bertha da Grace, da wasu abokai. Can suka zauna suna taimakon matalauta da marasa lafiya, Musulmi da Yahudawa da Kirista, ba su tilasta wa kowa shiga addininsu ba.

Masassara ta kashe shi a 1888, aka binne shi a Dutsen Sihiyona. A 1925 Bertha ta buɗe gidan kula da jarirai marayu a cikin tsohon birnin.