Tetsuya Fujita, Masanin da ya Gano Iskar da ke Kayar da Jiragen Sama

Daga cikin masanan da suka ba da rayuwarsu ga binciken hadari da ruwan sama a ƙarni na 20, kaɗan ne suka kai Tetsuya Fujita suna. Mutumin ƙasar Japon ne, amma a Amurka ya yi yawancin aikinsa. Shi ne ya gano wata irin iska da ke zubowa daga cikin hadari ta kayar da jirgin sama, a lokacin da masana da yawa ba su yarda akwai ta ba, sai da na'urar radar ta nuna musu ita a fili.

An haifi Fujita ranar 23 ga watan Oktoba 1920 a ƙauyen Sone, kusa da birnin Kokura, cikin tsibirin Kiyushu. Mahaifinsa malamin makaranta ne. Tun yana yaro ya ke da son awo da zanen taswira. Ya yi karatun injiniya a babbar makarantar Meiji, ya gama a shekarar 1943, aka riƙe shi yana koyarwa a can.

Ranar 9 ga watan Agusta 1945, jirgin Amurka da ke ɗauke da bom ɗin atom na biyu Kokura ya nufa. Gajimare da hayaƙi suka rufe birnin, matuƙa ba su ga inda za su jefa ba, sai suka juya zuwa Nagasaki. Makonni kaɗan bayan haka Fujita ya shiga cikin waɗanda aka aika su duba ɓarnar. A can ya lura cewa itatuwan da ke daidai ƙarƙashin inda bom ya fashe sun ƙone amma suna tsaye, na kewaye kuwa sun kwanta, kowanne ya ba tsakiya baya, kamar wayoyin ƙafar keke. Wannan abin da ya gani ya zauna masa a rai har shekara talatin.

Bayan yaƙi ya mai da hankalinsa ga yanayin sama. A watan Agusta 1947 yana wata tashar awo bisa dutsen Sefuri sa'ad da hadari mai tsawa ya ratsa wurin. Da ya bi awon iska da na zafi daki-daki, sai ya gane cewa a cikin hadari, ban da iskar da ke hawa sama, akwai wata mai sanyi da ke saukowa tare da ruwa, in ta iso ƙasa ta bazu. Ita ce iskar nan mai sanyi da kan taso da ƙura gabanin ruwa, wadda kowane manomi ya sani a farkon damina. Fujita ya juya aikinsa cikin Ingilishi ya aika wa Farfesa Horace Byers na Jami'ar Shikago. Shi Byers ya riga ya gano abin nan a 1946 da 1947, amma da jiragen sama da radar da kuɗin gwamnati masu yawa. Ya yi mamakin yadda mutum guda ya kai ga wannan sani da ɗan abin da ke hannunsa, ya gayyace shi. A 1953 Fujita ya sami digirin dakta a Jami'ar Tokiyo, ya tafi Shikago.

A Amurka ya tarar da wata irin guguwa mai murɗawa, wadda ke saukowa daga hadari ta tuge gidaje. A nan ne ya fara aiki da hotunan radar. Ita radar na'ura ce da ke aika igiyar rediyo cikin sama. In igiyar ta ci karo da ɗigon ruwa ko ƙanƙara sai ta dawo kamar amsa-kuwwa. Lokacin da ta ɗauka kafin ta dawo ya kan nuna nisan hadarin, ƙarfin da ta dawo da shi kuma ya nuna yawan ruwan. Fujita ya yi nazarin wata siffa mai kama da ƙugiya da ke bayyana a gefen hadari bisa allon radar, wadda sau da yawa alamar guguwa ce. Amma bai tsaya ga na'ura kaɗai ba. Ya kan shiga ƙaramin jirgi ya bi sawun guguwa, yana ɗaukar hoton gonakin masara da rufin ɗakuna. A 1971 ya fito da ma'aunin ƙarfin guguwa mai hawa shida, daga F0 zuwa F5, wanda ke auna iska da irin ɓarnar da ta yi. Amurka ta yi aiki da shi har 2007, sa'ad da aka gyara shi, amma ba a cire sunansa ba.

Ranakun 3 da 4 ga watan Afrilu 1974, guguwa 148 suka auka wa jihohi 13 na Amurka. Yana cikin bin sawunsu ya ga wurare inda itatuwa ba su murɗe ba, sun kwanta ne sun ba tsakiya baya, kamar na Nagasaki. Ya tabbata wani abu ne ya faɗo daga sama ya fantsama.

Ranar 24 ga watan Yuni 1975 wani jirgin kamfanin Eastern mai ɗauke da mutum 124 ya faɗi yana shirin sauka a filin Kennedy na Niyu Yok, cikin hadari, mutum 113 suka mutu. Aka nemi Fujita ya bincika. Ya tattara hotunan radar, da bayanin na'urorin jirgi, da shaidar matuƙan da suka sauka gabaninsa, ya ce iska ce ta zubo da ƙarfi a ɗan ƙaramin wuri. Daga baya ya raɗa mata suna da Ingilishi mai ma'anar ƙaramar fashewar iska. Faɗinta bai kai kilomita 4 ba, ƙarfinta kuma bai cika wuce minti 5 ba. Jirgin da ya shige ta, da fari iska ta gaba ya ke gamuwa da ita, ta ɗaga shi, matuƙi ya rage wuta. Nan take sai ta danne shi daga sama, sa'an nan ta bugo shi ta baya, fukafukai su rasa abin da ke riƙe su, ga shi kuwa ƙasa ta yi kusa.

Masana da yawa suka ƙi wannan bayani. A ganinsu iskar da ke saukowa ta kan rage ƙarfi kafin ta taɓa ƙasa, kuma ba wanda ya taɓa auna abin da Fujita ya ke faɗi. Bai tsaya jayayya ba, ya nemi a kawo sabuwar radar mai suna Doppler, wadda ban da ganin ruwa tana auna gudun ɗigon ruwan, ko suna matsowa ko suna nisa, watau tana ganin tafiyar iska a cikin hadari. A 1978 aka kafa irinta uku kusa da Shikago. Ranar 29 ga watan Mayu ta wannan shekara ɗaya daga cikinsu ta nuna iskar tana zubowa tana fantsama dab da ƙasa. Gani ya kori ji. A 1982 aka sake bincike a filin jirgin Denba, aka ƙidaya irinta 186. Mafi yawansu ba su zo da ruwan kirki ba, domin ruwan ya kan bushe a hanya, ya sanyaya iska, ta yi nauyi ta faɗo. Wannan ya nuna hatsarin yana nan ko da ƙasa ba ta jiƙa ba. A Denba ɗin ne kuma, a watan Yuni 1982, Fujita ya fara ganin guguwa mai murɗawa da idonsa, bayan kusan shekara talatin yana nazarinta.

Hukuma ba ta yi hanzari ba sai da aka ƙara asara. A 1982 jirgi ya faɗi kusa da Niyu Orliyan, mutum 153 suka mutu. A 1985 wani ya faɗi a Dalas, aka rasa sama da 130. Daga nan aka shiga horar da matuƙa su gane alamun iskar su kauce mata, aka tilasta wa kamfanoni sanya na'urar gargaɗi a jirage, aka kuma kafa radar Doppler a manyan filayen jirgi 45. Bayan hatsarin birnin Shalot na 1994, an shekara fiye da ashirin wannan iska ba ta sake kayar da babban jirgin fasinja a Amurka ba.

Fujita ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar Amurka a 1968, ya ƙara Theodore cikin sunansa. Ya yi ritaya a 1990, amma bai bar bincike ba har ciwo ya kwantar da shi. Ya rasu a Shikago ranar 19 ga watan Nuwamba 1998, yana da shekara 78.