Malam Abdullahi na Gwandu: Gwarzon da Bai Ɓoye Damuwarsa Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ɗalibai da iyayenmu, malamin da za mu kawo tarihinsa a wannan fitowa shi ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, Allah Ya jiƙansu. An haife shi a 1766, wato Shehu ya girme shi da kimanin shekara 12. Ya fara karatu wurin mahaifinsu, yana ɗan shekara 13 aka miƙa shi ga Shehu, ya kuma ɗauki ilmi wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ya ƙware a Larabci da fiƙihu da tafsiri.

Da aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, shi ne farkon wanda ya yi wa Shehu mubaya'a, shi ne kuma ya jagoranci rundunar da ta yi nasara a Tabkin Kwatto. Amma bayan nasara sai jarrabawa ta biyo. A Tsuntsuwa an rasa mutum wajen 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. A 1805 aka sake yin babban rashi a Alwasa. Abokan karatunsa suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka rage kuwa, ya ga da yawansu sun karkata ga neman mulki da dukiya.

To, a nan ne zuciyar Malam ta yi nauyi. A shekara ta huɗu bayan hijira, an fita yaƙin Alkalawa, sai ya rabu da runduna, ya nufi gabas da niyyar zuwa Madina. Shi da mutum biyar suka shiga daji, suka kwana uku ba su ga kowa ba sai sawun giwaye. Ku dubi wannan hali: wazirin Shehu guda, wanda ba ya ja da baya a fagen fama, baƙin ciki ya raba shi da danginsa.

Allah da ikonSa, tafiyar ta tsaya a Kano, zamanin Sarki Sulaimanu. Jama'a suka hana shi wucewa, suka roƙe shi ya zauna ya karantar da su. Bai rufe musu cikinsa ba. Ya bayyana musu cewa abin da ya gani a wurinsu shi ne ainihin abin da ya gudo wa. Su ma ba su yi fushi ba, suka nemi gyara. Ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan hukunce-hukuncen shugabanci, ya yi musu tafsirin Alƙur'ani. Da ya faɗi abin da ke ransa, ya kuma yarda aka riƙe shi, sai ya sami ƙarfin komawa gida.

A 1812 Shehu ya ɗora masa kula da yammacin daula. A 1813 ya haɗa littafinsa Tazyinul Waraƙati, ya rubuta labarin wannan fita da hannunsa, bai goge ta ba don kare martaba. Bayan nan ya kammala babban tafsirinsa, Liya'ut Ta'wili.

Wata jarrabawar ta zo a 1817. Shehu ya rasu, Malam ya iso Sakkwato ya tarar an riga an naɗa Muhammadu Bello, ya koma ransa a ɓace. Da mutanen Kalambaina suka yi masa tawaye abin ya tsananta, Bello ya zo da runduna, Malam ya karɓi taimakon ɗan wansa, ya kuma yi masa mubaya'a. Ya rasu a 1829, kabarinsa yana Gwandu.

Ba shi kaɗai ba ne. Imamu Gazali ya faɗa irin wannan hali a Bagadaza a 1095, harshensa ya ɗaure, abinci ya gagare shi, likitoci suka gane cewa daga zuci ciwon ya taso. Shi ma ya rubuta labarinsa. Shugaban halitta kuwa, da ya sauko daga Hira jikinsa yana kyarma, wurin Nana Hadiza ya nufa, ita kuma ta kai shi ga Waraƙa.

Mu a nan Gwarzo da Kabo, tun yaro yana ƙarami ake ce masa namiji ba ya kuka. Magidanci zai yi hasarar amfanin gona, ko bashi ya danne shi, ya daina barci, ya daina zama majalisa, ya riƙa faɗa a gida ba dalili. In ka tambaye shi sai ya ce lafiya lau. Wani ma sai ya koma ga ƙwaya. Gaskiya ne ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma an faɗi haka ne don tsare sirrin mutane. Ciwo kam ba a yi masa rowar magani. Haƙuri shi ne kada ka yi fushi da hukuncin Allah, kuma neman taimako ba ya warware shi.

Saboda haka, baba, wanda ya ga baƙin ciki ya wuce mako biyu bai sake shi ba, ya sami amini ko liman ya gaya masa. Ya riƙe addu'a, ya kuma je asibiti, domin likitoci sun san wannan ciwo, yana da magani, kuma ba hauka ba ne. A fara da Babban Asibitin Gwarzo. In da bukata, akwai masana a Dawanau da Asibitin Malam Aminu Kano. Wanda ya fara zancen ya gaji da rayuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi a ranar.

Ku kuma ɗalibai, in abokinku ya yi shiru, ya janye jiki, kada ku yi masa dariya. Ku yi irin ta Kanawan jiya: ku tare shi, ku saurare shi, ku sanar da malam. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya gafarta wa Malam Abdullahi, Ya yaye wa kowane mai damuwa damuwarsa. Amin.