Dawodu Mai Motoci na Ikko

Ni haifaffen Zangon Agege ne, jikan mai fataucin goro. Tun ina ƙarami nake jin kakana, Allah ya ji ƙansa, in za a yi hirar motocin dā sai ya ambaci Dawodu. Na ɗauka sunan wata mota ce. Sai da na zo kwalejin nan na gane ashe mutum ne, shi ya sa na ga ya kamata in ba 'yan'uwa labarinsa.

Sunansa William Akinola Dawodu, Bayarabe ne, an haife shi a 1879. Ya koyi aikin ƙarfe da na inji, ya buɗe ɗan wurin gyara a Ikko wajen 1905. Da kekuna ya fara, kafin ya kai ga mota.

To, ga inda basirarsa take. A zamanin nan hankalin Gwamnati yana kan reluwe, wadda ta ratsa Agege ta kai Badun a 1901, ta isa Kano a 1911. Hanyoyin mota kuwa na jar ƙasa ne, da damina ta sauka sai caɓi. Motocin da aka fara kawowa daga Turai masu nauyi ne ƙwarai, ga tsada, ga kafewa, ga ɓata hanya. Dawodu ya duba, ya ga ba irinsu ƙasarmu take bukata ba, sai ya juya wajen Amurka. Ford samfurin T, wadda aka fara ƙerawa a 1908, ba ta da nauyi, cikinta ya yi nesa da ƙasa, in ta lalace kuma maƙeri mai hankali ya iya ɗaure ta. Da hannu ake murɗa ta ta tashi, in mutum ya yi sake ƙarfen ya doke shi a hannu. Ita ya yi ta shigowa da ita, ya kuma zama wakilin motocin Dodge da Reo da tayoyin Firestone.

Mu Hausawan Agege mun ci moriyar wannan ba tare da mun san mai ita ba. Goron da a dā sai an ɗauko shi a ka daga gonaki, lori ta riƙa kawo shi tasha da ɗanyensa, a loda huhuna a jirgi sai Arewa. Wanda ya san yadda goro yake ƙin jira ya san abin da nake nufi.

Amma da manyan kamfanonin Turawa suka ga akwai riba, sai suka shigo cinikin da jarin da ya fi nasa nesa ba kusa ba, kasuwarsa ta ja baya. Ya rasu a 1930. Ran nan na tambayi direbobi uku a tashar Agege, ba wanda ya taɓa jin sunansa.